Daga Gizago Zuwa Inji: Tarihin Koyon Aikin Itace a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

A yawancin gidajen Hausawa, na birni da na ƙauye, akan tarar da aikin hannun ma'aikata iri biyu waɗanda duk itace suke sarrafawa. A tsakar gida ga turmi da taɓarya da muciya da kujerar zaman mata, waɗannan aikin masassaƙi ne. A cikin ɗaki kuwa ga gado da tebur da kabad da ƙyauren katako, waɗannan aikin kafinta ne. Sassaƙa tsohuwar sana'a ce wadda ba a san farkonta ba, ita kuwa sana'ar kafinta ba ta fi shekara ɗari da 'yan kai da kafuwa a ƙasar nan ba. Daga baya kuma injuna masu aiki da lantarki suka shigo, suka sauya yanayin aikin baki ɗaya.

Manufar wannan maƙala ita ce bin tarihin yadda ake koyon aikin itace a cikin waɗannan zamuna uku, watau zamanin gizago, da zamanin zarto, da zamanin inji. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa ko da yake kayan aiki sun sauya har sau biyu, tushen koyon bai sauya ba. Tushen nan kuwa abu uku ne: sanin halin itace, da iya wasa kaifi, da iya awo. Za a kuma nuna cewa duk lokacin da aka yi gaggawar damƙa wa mai koyo sabon kayan aiki ba tare da wannan tushe ba, sana'ar ce ke yin rauni.

2.0 Daɗewar Sassaƙa

Itace ba kamar dutse ko kasko yake ba, gara da ruwa da wuta sukan cinye shi, saboda haka shaidar aikinsa ta dā ba ta da yawa. Duk da haka akwai wata babbar shaida da aka samu a maƙwabtan ƙasar Hausa ta gabas. A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a kusa da ƙauyen Dufuna, a yankin da yanzu yake cikin Jihar Yobe, sai ya ci karo da wani kwalekwale binne a ƙasa. Masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka tono shi, suka auna shekarunsa, aka tarar ya kai kimanin shekara 8,000. Tsawonsa ya ɗara mita 8, an kuma sassaƙa shi ne daga gungume guda. Shi ne jirgin ruwa mafi daɗewa da aka gano a nahiyar Afirka. Abin lura a nan shi ne, an yi wannan aiki tun kafin a san ƙarfe, watau da kayan aiki na dutse, amma ga shi da bango siriri da baki mai tsini, alamar cewa wanda ya yi shi ya gaji ilimin daga wasu da suka riga shi.

Samuwar ƙarfe ita ta ba sassaƙa siffar da muka sani. Binciken da aka yi a Taruga, kusa da Abuja, ya nuna ana narka tama a wannan yanki tun ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Tun daga lokacin maƙeri da masassaƙi suka zama kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai. Maƙeri ke ƙera ruwan gatari da na gizago, masassaƙi ke yi wa fartanya da garma da lauje ƙota. In babu ɗaya, aikin ɗayan bai cika ba, noma kuma bai yiwu ba.

Matafiyan Turai na ƙarni na 19 sun ga wannan haɗin gwiwa da idonsu. Hugh Clapperton, wanda ya shiga Kano a 1824, ya bayyana cewa ƙyamaren ƙofofin ganuwar birnin na itace ne da aka lulluɓe da ƙarfe. Ana iya ganin irin waɗannan tsofaffin ƙyamare a gidan tarihi na Gidan Makama. Haka kuma magina sun dogara ga azara, watau tsagin giginya, wajen ɗaure rufin soro da bakan gizo, kamar yadda ake gani a tsohon masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. An zaɓi giginya ne domin gara ba ta cika cin ta ba.

2.1 Kayan Aiki da Itatuwa

Kayan aikin masassaƙi ba su da yawa. Akwai gatari na sara da faskare da fitar da siffa ta farko. Akwai gizago, wanda ruwansa ke gicciye da ƙota kamar na fartanya, shi ne uban tafiya, kuma iri-iri ne: akwai mai faɗin baki na gyara baya, akwai mai lanƙwasasshen baki na raraƙe cikin turmi ko akushi. Sai wuƙa da makankari na goge aiki ya yi sumul, da ƙarfen huji wanda akan sa a wuta ya yi ja a huda itace da shi ko a yi masa zane. Da waɗannan 'yan kaya ake fitar da turmi da taɓarya, akushi da koshiya, allon karatu, dangarafai, ƙashin sirdi wanda dukawa ke rufewa da fata, da kuma kwarangwal ɗin kalangu da kotso da ganga da tambari.

Ƙarancin kayan aiki ya sa nauyin sana'ar ya koma kan sanin itace. Masassaƙi ya san ƙirya da tauri da nauyi, ita ake nema domin turmi da taɓarya, gawayinta kuma shi maƙera suka fi so. Ya san maɗaci yana da jan jiki mai kyau, yana kuma karɓar sassaƙa ba tare da yawan tsagewa ba. Ya san aduwa tana da lallausan jiki mai haske wanda ke karɓar tawada ya kuma jure wanki, don haka ake yin allo da ita. Ya san alilliba ba ta da nauyi kuma tana da amo, don haka makaɗa ke son ta. Marke kuwa na ƙota ne da dirka. Bayan wannan ya san cewa zuciyar itace ta fi farin da ke kusa da ɓawo jure ƙwaro, ya san ɗanyen itace ya fi saurin sassaƙuwa amma in aka bar shi a rana zai dare, sai a inuwa a hankali.

Wannan sani na ƙarshe kimiyyar zamani ta tabbatar da shi. Itace yana tsukewa ne yayin da ruwan jikinsa ke fita, amma tsukewar ba daidai take ta kowace fuska ba. Ta tsawo kusan babu ita, ta kewaye kuwa ta kusan ninka ta daga zuciya zuwa ɓawo. Wannan bambanci shi ke sa gungume ya tsage daga tsakiya zuwa waje in ya bushe da sauri. Masassaƙin dā bai san lissafin ba, amma ya san maganin abin.

2.2 Yadda Ake Koyon Sassaƙa

Sassaƙa sana'ar gado ce, kamar ƙira da jima da wanzanci. Masu iya magana sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa. A wasu sassan ƙasar Sakkwato ana kiran masassaƙi da sunan sakke, a cikin Fulani kuma akwai zuriyar da ake kira Lawɓe waɗanda aikinsu ke nan tun kaka da kakanni. A manyan garuruwa masu kowace sana'a suna da shugaba wanda sarki ya amince da shi, shi ke sasanta rigimarsu, shi ke tara su in fada tana da aiki.

Yaro ba ya fara koyo da riƙe gizago. Da farko rakiya yake yi zuwa daji, yana ɗaukar ruwa da kaya, yana jin sunayen itatuwa, yana ganin wadda aka zaɓa da wadda aka wuce. Daga nan sai a ba shi wasa kaifi a kan dutse, ya daɗe yana yi har hannunsa ya san daidai inda baki ya tsaya. Bayan haka ne za a bar shi ya taɓa ƙananan ayyuka waɗanda ɓarnarsu ba ta da tsada, kamar muciya da ƙotar fartanya. In hannunsa ya faɗa sai ya hau zuwa allo da kujera, sa'an nan akushi da turmi, waɗanda ke bukatar raraka. Aikin ganga da kalangu yana daga cikin masu wuya, domin kaurin bangon shi ke ba da amo, kuma babu abin auna shi sai yatsa da kunne: a ƙwanƙwasa, a saurara, a ƙara ragewa.

Awon masassaƙi a jikinsa yake. Yana da yatsa, da taƙi, da kamu, da gaba. Babu takarda, babu zane, siffar abin tana cikin kansa kafin ya kai sara na farko. Aikinsa kuma ragewa ne zalla, abin da gizago ya cire ba ya komawa. Wannan ya sa haƙuri ya zama rabin darasi, shi ya sa kuma ake farawa tun da ƙuruciya, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai kuma ɓangaren imani. Hausawan dā sun ɗauka cewa wasu manyan itatuwa, musamman tsamiya da kuka, matattarar iskoki ne, don haka ba kowa ke iya sa musu gatari ba sai wanda ya gaji asirin abin. Ko me mutum zai ce game da wannan imani a yau, ya yi amfani ta fuska guda: ya taƙaita yawan masu saran manyan itatuwa. Haka nan masassaƙa da yawa sun san magunguna, kalmar sassaƙe ma da ake kiran ɓawon magani da ita daga tushen sunan sana'arsu ta fito.

3.0 Zuwan Kafinta

Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Mulkinsu ya zo da bukatun da masassaƙi bai saba da su ba: ofis mai tebur da kujera da kabad, makaranta mai benci, gida mai taga da rufin kwano a kan katako. Ma'aikatar ayyuka ta gwamnati da hukumar jirgin ƙasa suka kawo ƙwararru daga Ikko da Saliyo da ƙasar da a lokacin ake kira Gwalkwas, watau Gana ta yanzu. Yawancin waɗannan a makarantun mishan na bakin teku aka horar da su, irin su makarantar Hope Waddell ta Kalaba wadda aka buɗe a 1895, da ɗakunan koyon sana'a na mishan ɗin Basel a Gwalkwas. Su ne kafintocin farko da mutanen Arewa suka gani, kuma a unguwannin Sabon Gari akasarinsu suka zauna.

Abu na biyu da ya kafa sana'ar shi ne hanyar jirgin ƙasa, wadda ta iso Kano a 1911. Kafinta ba ya aiki da gungume, sai da katako da aka riga aka yanka, dogo, miƙaƙƙe, mai kauri ɗaya. Irin itatuwan da ke ba da wannan a kurmin Kudu suke, kamar iroko da obece da afara. Jirgi ya riƙa ɗauko su zuwa Arewa, ya koma da gyaɗa da fata. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kafa babbar masana'antar katako da filawud a Sapele, sai filawud ma ya shigo kasuwa.

Abu na uku shi ne makaranta. A 1909 Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantunsa a Nassarawa ta Kano, cikinsu har da sashen koyon sana'a inda ake koyar da aikin kafinta tare da ƙira da dukanci da sauransu. Daga baya hukumomin En'e suka buɗe nasu wuraren aiki, inda yara 'yan ƙasa suka koyi sana'ar a hannun ƙwararru. Bayan yaƙi gwamnati ta kafa cibiyoyin koyon sana'a a wurare kamar Kaduna da Bukuru, ɗalibansu na ɗaukar jarrabawar City and Guilds ta London. A 1956 aka buɗe Cibiyar Fasaha ta Kaduna, wadda ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a 1968.

3.1 Abin da Ya Bambanta Sana'o'in Biyu

Masassaƙi ragewa yake yi daga gungume guda, kafinta kuwa haɗawa yake yi daga gutsattsari da yawa. Daga nan duk sauran bambancin ya taso. Wanda zai haɗa katako huɗu su zama firam ɗin ƙofa dole kowane ya yi daidai da ɗan'uwansa, don haka taƙi da kamu ba su isa ba, tun da hannun wani ya fi na wani. Sai tef da sukwaya da fensir suka shigo. Mai koyo zai fara da fitar da fuska ɗaya ta katako ta miƙe sarai da magogin katako, sa'an nan gefe ɗaya ya tsaya daidai a kanta, daga waɗannan biyu ake ɗaukar duk sauran awo. Zai koyi jan zarto a gefen layi, ba a kansa ba, domin haƙoran zarto suna cin nasu rabo. Zai koyi huda rami a jikin wani katako da cizal, ya fere bakin wani ya shige ciki daram, haɗin da ke riƙe kujera shekara da shekaru ko ba ƙusa. Zai koyi gane ko firam ya karkace ta hanyar auna shi daga kusurwa zuwa kusurwa ta fuska biyu, in awon ya zo ɗaya to ya tsaya daidai.

Amma in aka duba da kyau za a ga tushen nan uku suna nan. Cizal da ruwan magogi sai an wasa su a kan dutse, kamar gizago. Katako yana da hanyar da jijiyarsa ta bi, in aka goge shi ta kishiyar hanyar sai ya yage, kamar yadda gizago ke yage itace in aka sare shi ta baya. Batun bushewa kuwa ya ma ƙara tsanani. Katakon da aka yanka a kurmi mai laima, in aka kawo shi Kano ko Katsina aka yi ƙofa da shi nan take, da hunturu ya kama sai ya tsuke, a ga rata tsakanin alluna. Da damina ta faɗi kuma ya kumbura ƙofar ta ƙi rufuwa. Tsofaffin kafintoci sukan jera katako a inuwa, da 'yan sanduna a tsakani domin iska ta ratsa, su bar shi ya saba da iskar garin kafin su taɓa shi. Darasin masassaƙi ne ya dawo cikin sabuwar riga.

Ta fuskar zaman jama'a kuwa, sabuwar sana'ar ta karya shingen gado. Ba a tambayar ko uban yaro kafinta ne. Ɗan malami da ɗan manomi da ɗan mahauci duk suna iya zuwa a koya musu. Sai dai kuma ba a cika samun masassaƙan gado sun koma kafintoci ba. Sana'o'in biyu sun ci gaba da tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowace da kasuwarta.

3.2 Shaidar Harshe

Harshe ya adana wannan tarihi fiye da kowane kundi. Kalmomin sassaƙa, irin su gatari da gizago da ƙota da turmi da akushi, sun daɗe a bakin Hausawa, sun shiga karin magana da kirari da zaurance. Kalmomin sabuwar sana'a kuwa yawancinsu aro ne daga Ingilishi, an gyara su sun bi tsarin sautin Hausa: kafinta, tebur, benci, kabad, durowa, firam, silin, hama, cizal, sukwaya, sanfefa, fenti, filawud. Har sun samu jam'i irin na gida, a ce kafintoci da tebura da bencina. Sunayen girman katako ma haka, ana cewa tubaitu da tubaifo, watau inci 2 sau 2 da inci 2 sau 4. Nijeriya ta koma awon mita tun shekarun 1970, amma kasuwar katako ba ta saki inci da ƙafa ba: katako ƙafa 12, filawud ƙafa 4 sau 8. A Jamhuriyar Nijar kuwa, inda Faransa ta yi mulki, mita da santimita aka gada. Duk da haka ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Yamai sunanta Kasuwar Katako.

4.0 Zamanin Inji

Injunan aikin itace sun daɗe a Turai. An san zarto mai kewaya tun ƙarshen ƙarni na 18. A 1895 kamfanin Fein na Jamus ya ƙera injin huji na hannu mai aiki da lantarki, a 1917 kamfanin Black & Decker na Amurka ya yi rajistar irin wanda ake riƙewa kamar bindiga a danna da yatsa, a 1961 kuma ya fito da mai batir. A ƙasar Hausa, da farko a wuraren aikin gwamnati da na manyan kamfanoni kaɗai ake ganin inji. Sai da arzikin man fetur ya bunƙasa gine-gine a shekarun 1970 sa'an nan ya fara yaɗuwa a hannun 'yan kasuwa.

Tsadar inji da rashin tsayayyen lantarki sun haifar da wani tsari na musamman. Maimakon kowane kafinta ya mallaki nasa, sai masu hali suka girka manyan injunan tsaga da na gogewa a cikin kasuwannin katako, irin su 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano da Panteka a Kaduna, suna tayar da su da janareto. Kafinta ya sayi katako, ya biya a tsaga masa a goge, ya ɗauka zuwa rumfarsa ya haɗa. Aikin da ke cin yini guda da zarton hannu ya koma na 'yan mintoci. Wannan ci gaba ne wanda babu mai musunsa, ya saukar da farashi, ya kai gado da kujera gidajen da dā sai tabarma.

Amma ya zo da nasa cikas ga mai koyo. Yaron da ya tarar da katako a goge ba shi da dalilin koyon gogewa, wanda bai taɓa gogewa ba kuwa ba ya gane katakon da ya murɗe tun yana kasuwa. Ƙusa da gam sun maye gurbin haɗin rami da fere, domin sun fi sauri, sai kujera ta fara girgiɗi kafin shekara ta zagayo. Allunan garin katako da ake matsewa a masana'anta sun shigo, masu kyan gani, amma ba sa jure ruwa, ba sa kuma gyaruwa in sun lalace. Ga kuma haɗari. Zarton inji yana juyawa sau dubbai a cikin minti ɗaya, in katako mai murɗiya ko mai ɗanye ya matse shi, sai ya cillo katakon baya da ƙarfi, ko ya ja hannu zuwa ga haƙora. Ruwan da ya dakushe ya fi mai kaifi haɗari, domin sai an tura da ƙarfi. Watau inji bai ɗauke wa kowa sanin itace da wasa kaifi ba, ya dai ƙara tsadar jahiltarsu: kuskuren da dā ke ɓata katako yanzu yana iya cin yatsa.

5.0 Darasin Shekarun 1980

Tarihin ilimi a Nijeriya ya ba da misali babba na abin da ke faruwa in aka sa inji gaba da tushe. An kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu a 1971, da Hukumar Ilimin Fasaha ta Ƙasa a Kaduna a 1977. A wannan shekara ta 1977 aka fitar da manufar ilimi ta ƙasa, wadda ta haifar da tsarin 6-3-3-4 da aka soma aiwatarwa a 1982. Niyyar tsarin mai kyau ce, watau kowane ɗalibin ƙaramar sakandare ya taɓa aikin katako da na ƙarfe da na lantarki. Gwamnati ta sayo injuna masu yawa daga ƙasashen Gabashin Turai irin su Bulgeriya da Hangari, aka rarraba wa makarantu. Amma makarantu da dama ba su da ɗakin aiki, ba su da lantarki, ba su da malamin da ya san injunan. Da yawa daga cikinsu a cikin akwatunansu suka yi tsatsa, wasu aka sace. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da an fara da benci da zarto da cizal da dutsen wasa, waɗanda ba sa bukatar wuta, tare da kafintan gari a matsayin mai koyarwa, da ɗalibai sun fita da abin da hannunsu ya iya.

Da aka kafa Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa a tsakiyar shekarun 1980, sai ta bi wata hanyar, ta riƙa tura matasa wurin masu sana'a na gari su koya. Wannan amincewa ce da gaskiyar da ta daɗe a fili: yawancin kafintocin ƙasar nan a rumfar maigida suka koya, ba a aji ba.

6.0 Abin da Ke Cikin Haɗari

Sassaƙa ta ja baya ta fuskoki da yawa. Kwanon sha da na roba sun kori akushi daga yawancin gidaje, injin niƙa ya rage wa turmi aiki, kujerar roba ta cika wuraren biki. Duk da haka sana'ar ba ta mutu ba, domin manomi na bukatar ƙota, almajiri na bukatar allo, makaɗi na bukatar kalangu, amarya kuma ba a kai ta ba turmi.

Babbar barazanar ita ce ta itatuwan kansu. Injin sara mai sarƙa yana kayar da itacen da ya shekara ɗari cikin ɗan lokaci, kuma mai riƙe da shi ba ya bukatar gado ko izinin kowa a cikin masu sana'a. Ƙirya da maɗaci da marke sun yi nisa da garuruwan da dā suke kewaye da su, saboda gawayi da faɗaɗa gonaki da sara. Labarin madobiya ya isa misali. A tsakiyar shekarun 2010 aka yi ta saran ta, musamman a jihohi irin su Taraba da Kogi, ana fitarwa zuwa ƙasar Sin domin yin kayan ɗaki masu tsada. Abin ya kai ga a 2016 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya.

In itace ya ɓace, sunansa ma yakan bi shi. Yaron da bai taɓa ganin alilliba ba, ba zai san dalilin da ya sa kalangun dā ya fi amo ba. Haka nan sunayen ire-iren gizago, da na sassan turmi da sirdi, da kalmomin da masassaƙa ke bayyana halin itace da su, suna bakin tsofaffi ne waɗanda ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

7.0 Kammalawa

An ga yadda koyon aikin itace ya taso daga gidan gado, inda yaro ke fara sanin daji kafin ya riƙe gizago, ya biyo ta makarantar Nassarawa da wuraren aikin En'e da rumfunan Sabon Gari, ya iso kasuwannin katako masu injuna. A kowane mataki kayan aiki sun ƙara sauri, amma wanda ya ƙware shi ne wanda ya san itacen da ke gabansa, ya iya gyara bakin ƙarfensa, ya kuma iya awo.

Saboda haka akwai aiki a kan ɓangarori biyu. Masu tsara koyar da sana'a ya kamata su riƙe jerin da masassaƙa suka bi tun dā, watau ido kafin hannu, kayan hannu kafin inji, ƙaramin aiki kafin babba, su kuma haɗa koyon da dashen itatuwan da sana'ar ta dogara a kansu. Masu nazarin harshe da al'ada kuwa, musamman ɗaliban sassan Hausa na jami'o'i da kwalejoji, ya kamata su zauna da masassaƙa da tsofaffin kafintoci na garuruwansu, su rubuta sunayen kaya da na itatuwa da matakan aiki kamar yadda masu shi ke faɗa, karin harshe bayan karin harshe, tun masu sanin suna raye.